Me Za a Sha da Kifin?

Bayan sallar isha'i, wanda ya biyo titin Gwarzo ya iso Rijiyar Zaki, hancinsa kan riga idonsa sanin inda masu gasa kifi suke. Hayaƙin gawayi ne da ƙamshin albasa da citta, ga tarwada an tsaga ta an shafe ta da yaji, tana tsiyayar mai a kan waya. A irin wannan wuri muka zauna wani dare da wani abokina likita, wanda bai daɗe da dawowa daga taro a Atina, babban birnin Girka ba. Mai gashi ya kwashe kusan minti arba'in yana juya kifinmu, yana shafa masa mai, yana rage wuta yana ƙarawa. Da aka ajiye mana faranti, sai yaron shagon ya ce, "Yallaɓai, me za a kawo na sha?" Ya nuna firji: lemon kwalba baƙi, da mai ruwan ɗorawa, da fari, sai ruwan roba a can ƙasa.

Abokina ya yi murmushi ya ce abin ya tuna masa da wani gidan abinci na bakin teku da aka kai su a Girka. A can, in ji shi, mai hidima bai yarda ya yi maganar abin sha ba sai da ya ji wane kifi kowa ya zaɓa, kuma gasasshe ne ko soyayye. Abokan tafiyarsa Turawa aka kawo musu farar giyar inabi ta tsibirin Santorini. Da shi kuma ya ce ba ya shan giya, mai hidimar bai ɓata rai ba. Ya kawo masa ruwa mai kumfa da yankan lemon tsami, ya roƙe shi kada ya sha wani abu mai zaƙi a kan wannan kifi, domin zai ɓata aikin mai girki.

Giya haramun ce a gare mu, kuma a Kano doka ma ta hana ta. Ba a kanta zan yi jayayya ba. Amma tambayar da mai hidimar nan ya yi, wato me ya dace a sha da wannan abinci, tambaya ce ta duk wanda yake girmama girki. Ra'ayina shi ne mu Hausawa muna da amsarta a cikin gonakinmu, amsa mai kyau kuma halal, sai dai mun daina yin tambayar. Mun mayar da abin sha abin tura loma, muka bar kamfanonin lemo suna yanke mana hukuncin abin da zai raka kifinmu.

Abin da Girkawa suka gane

Santorini ƙaramin tsibiri ne a tekun Ejiya, wani reshe na Bahar Rum. Ragowar dutse ne mai aman wuta, don haka ƙasarsa toka ce da tsakuwa mara nauyi. Ruwan saman da yake samu a shekara bai kama ƙafar na Kano ba, ga iska mai ƙarfi. Manoman wurin ba sa ɗaga kurangar inabi a kan sanda kamar sauran Turai. Naɗe ta suke yi a ƙasa kamar kwando, 'ya'yan su yi girma a cikin kwandon, a kare su daga iska da zafin rana, raɓar teku ta dare kuma ta shayar da su. Ƙwaron da ya hallaka gonakin inabin Turai a ƙarshen ƙarni na 19 bai iya rayuwa a wannan ƙasa mai toka ba. Irin inabin da ya fi yawa a can sunansa Asirtiko, kuma an san shi da abu guda: ko ya nuna sarai a cikin zafi, tsaminsa ba ya raguwa. Tun 1971 doka ta keɓe sunan tsibirin, ba wanda zai rubuta Santorini a kwalba sai inabinsa daga can ya fito.

Idan aka ajiye barasar gefe, siffofi uku ne suka sa masana girki suke haɗa wannan abin sha da kifi. Yana da tsami mai kaifi. Kusan ba shi da zaƙi, domin a ƙa'idar Tarayyar Turai irin wannan giya ba ta wuce giram 4 na sukari a lita ɗaya, ko 9 idan tsaminta ya yi yawa. Sannan ba shi da baurin da jar giya take da shi. Ko ɗaya daga cikin siffofin nan uku ba ya bukatar barasa. Abin da yake aiki a kan kifin shi ne tsamin.

Ƙarni da maganinsa

Kowace uwar gida ta san ana wanke kifi da lemon tsami ko ruwan tsamiya don kashe ƙarni. Kimiyya ta bayyana dalili. Kifin teku, irin wanda ake shigo mana da shi a daskare muke kira kifin ƙanƙara, yana ɗauke da wani sinadari da ke taimaka masa jure gishirin ruwa. Bayan kifin ya mutu, ƙwayoyin bakteriya sukan juya sinadarin ya zama wani mai suna tiraimetilamin, wanda yake tashi cikin iska ya bugi hanci. Shi ne ƙarnin. Idan tsami ya taɓa shi, sai ya koma wani nau'in gishiri da ba ya tashi, hanci ya daina jin sa.

Kifinmu na ruwan daɗi matsalarsa daban ce. Tarwada da karfasa da ake kamowa daga madatsun ruwa irin su Tiga da Watari, ko ake kiwo a kududdufan siminti a bayan gidaje, wani lokaci sukan zo da ɗanɗanon laka. Wani sinadari ne mai suna jiyosmin, wanda ƙananan halittun ƙasa da na ruwa suke samarwa. Shi ne kuma yake ba da ƙamshin nan da muke so idan ruwan farko ya sauka a kan busasshiyar ƙasa. A iska daɗi gare shi, a cikin naman kifi kuwa gundura yake yi. Shi ma tsami yana rusa shi.

Akwai aiki na uku. Tarwada kifi ne mai maiƙo, kuma mai gashi yana ƙara mata mai. Bayan loma huɗu ko biyar, maiƙon yakan lulluɓe harshe, mutum ya daina jin bambancin albasa da citta. Abu mai tsami yana tsinko yawu, ya wanke bakin, loma ta goma ta yi daɗin ta farko. Lemon kwalba shi ma yana da ɗan tsami da kumfa, shi ya sa kurɓar farko takan yi daɗi. Amma yana ɗauke da sukari kimanin giram 10 a kowane mililita 100, wato wajen giram 100 a lita. A gwada wannan da giram 4 na teburin Girkawa. Zaƙi mai yawa haka yana danne ɗanɗanon kifin, mutum ya tashi ya ƙoshi, bai san ainihin abin da ya ci ba.

Amsar da ke bakin ƙofa

Sinadarin da ya fi ba inabi tsaminsa ana kiransa asid ɗin tatarik. 'Ya'yan itatuwa kaɗan ne a duniya suke da shi da yawa, kuma tsamiya tana kan gaba a cikinsu, har ta fi inabin kansa. Wannan bishiya da ke tsaye a gonakin Ungogo da Dawakin Tofa da Bichi, wadda muke jiƙa 'ya'yanta mu dama kunu da azumi, ita ce mafi kusa da abin da Bagirke yake nema a kwalbarsa, ba tare da ɗigon barasa ba. Asalinta ma daga yankin Afirka mai zafi ne, daga nan ta bazu zuwa Indiya tun zamanin da.

Sauran al'ummun Musulmi masu cin kifi sun daɗe da sanin haka. A Iraƙi, gasasshen kifin da Bagadaza ta yi suna da shi a bakin kogin Dijla, wanda suke kira masguf, akan shafe shi da tsamiya. A kudancin Iran suna da miyar kifi da ake kira ƙaliye mahi, wadda tsamiya ce ginshiƙinta. A Senigal, shinkafa da kifin da suke alfahari da ita, cebu jen, wadda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun gado na duniya a 2021, tana zuwa da tsamiya da farin zoɓo. A Masar da Sudan ruwan tsamiya da na zoɓo abin sha ne na yau da kullum, musamman da azumi. A Iran da ƙasashen Sham kuwa, ɗanyen inabin da bai nuna ba suke matsewa, su sami ruwa mai tsami da ba ya sa maye, su zuba a girki.

Zoɓo shi ne na biyu. Jigawa da Kano da Katsina suna noma shi da yawa, ana tace shi a rumbunan Kano, a loda shi a kwantena zuwa ƙasashen waje, musamman Meziko. A can ƙaramin gidan abinci ma yakan ajiye babban tulun gilashi na ruwan zoɓo, a zuba wa mai cin abinci a kofi, ba wanda yake ganin hakan ƙasƙanci ne. Mu da muka noma shi, mun bar shi a ƙulle a leda da tsofaffin robobi, abin sayarwa a ƙofar makarantar firamare da tashar mota. Jan zoɓo yana da ɗan bauri, don haka ya fi dacewa da kifi mai ƙarfin ɗanɗano, kamar banda ko tarwada mai yaji. Farin zoɓo ya fi sauƙi a baki, zai fi dacewa da karfasa ko giwan ruwa. Ga kuma lemon tsami da citta ga mai cin soyayyen kifi, ga jiƙon 'ya'yan kuka mai tsami mai laushi. Kunun aya da fura da nono suna da nasu wurin, amma kaurinsu da gardinsu sun sa su kansu abinci ne, ba masu rakiyar kifi ba.

Yadda muka kashe tsamin

Wani zai ce ai ana sayar da zoɓo da lemon tsamiya a wasu gidajen abinci na Kano. Gaskiya ne. Amma a ɗanɗana a ji. Mafi yawansu an yi su ne don su yi gogayya da lemon kwalba a fagen zaƙi. Akan sa wa zoɓo kanwa don a karya tsaminsa, a zuba sukari gwangwani-gwangwani, a ƙara garin ɗanɗano na abarba ko na kola, har zoɓon ya ɓace a cikin kayan adonsa. Abin da ya kamata ya taimaki kifin, shi ne abu na farko da muke cirewa.

A nan maganar ta wuce ta santi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a rana, wato kimanin giram 50 ga baligi, kusan ƙaramin cokali 12. Robar lemo guda mai rabin lita ta kusa cinye wannan kason gaba ɗaya. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a Dokar Kuɗi ta 2021, amma naira goma ba ta hana kowa sha ba. Abin takaicin shi ne, da yawa daga cikin masu zuwa cin kifi da dare sun zaɓe shi ne don likita ya ce su rage jan nama. Mutum ya guje wa tsire saboda hawan jini, ya zo ya kora kifinsa da sukarin yini guda, da ƙarfe goma na dare, ya tafi ya kwanta.

Uzurin da ake kawowa

Hujja mafi ƙarfi da ake kare lemon kwalba da ita ita ce tsafta, kuma ban raina ta ba. Kwalba a rufe take, an san inda aka yi ta. Zoɓon roba kuwa ba ka san ruwan da aka yi shi da shi ba, ba ka san bakin da ya riga naka taɓa robar ba. Mutanen Kano ba su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitoci, wasu suka rasu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami da garin ɗanɗano. Sai dai a lura da abin da ya jawo musibar. Hodar masana'anta ce da aka saya a buhu don ta maye gurbin tsamin gaskiya. Wanda ya jiƙa tsamiya da hannunsa ba ya bukatar ɗan tsami. Gidan abincin da muka amince ya wanke mana kabeji da tumatir mu ci ɗanye, zai iya tafasa ruwa, ya jiƙa tsamiya, ya tace, ya ajiye a firji a tulun gilashi, ya zubar da abin da ya kwana. Zubarwar nan wajibi ce, domin duk abin sha mai sukari da aka bari cikin zafi yana iya fara tsimuwa, kuma wannan matsala ce ta lafiya da ta addini.

Hujja ta biyu ita ce yaji. Kifin Girkawa gishiri ne da man zaitun da lemon tsami, namu kuwa da attaruhu da barkono ake yi masa wanka. Zaƙi yana ɗan kwantar da zafin yaji, shi ya sa hannu yake kai wa lemo. Na yarda. Ban ce a hana sukari gaba ɗaya ba. A gidana, lita ɗaya ta ruwan tsamiya babban cokali biyu na sukari ko zuma nake sa mata, da ɗan citta da kanumfari biyu ko uku. Wannan bai kai sulusin abin da ke cikin lemon kwalba ba, kuma ya isa ya rarrashi harshe ba tare da ya binne kifin ba. Mai gidan abinci zai iya ba da zaɓi uku: babu sukari, kaɗan, ko cikakke. Masu shayi sun daɗe suna yin haka a kan teburinsu na bakin titi.

Hujja ta uku ita ce wai wannan duk iyayi ne na 'yan boko, kwaikwayon Turawa. Amma Bahaushe ya san haɗi tun kafin ya ga Bature. Ya san ƙosai da kunun tsamiya ko koko suke tafiya. Ya san waina da miyar taushe, ɗanwake da mai da yaji, dambu da zogale. Ba wanda ya taɓa kiran wannan iyayi. Abin da ya faru shi ne, gasasshen kifi na gidan abinci sabon abu ne a birnin da ke nesa da teku. Ya yaɗu ne bayan madatsun ruwan da aka gina tun zamanin Gwamna Audu Bako, irin su Tiga da aka kammala a 1974, da kuma kiwon tarwada na shekarun baya-bayan nan. Lokacin da ya iso, firjin kamfanin lemo ya riga shi zama a shago. Ba mu sami sukunin ƙirƙiro masa abokin tafiya ba, aka ɗaura masa aure da baƙo.

Bishiyar da ke bayan kofin

Dalilin da ya sa na fara da Rijiyar Zaki shi ne, wanda ya san wurin shekaru talatin da suka wuce ya san gonaki ne suka fi gidaje yawa. Wannan yanki yana cikin karkarar da ke kewaye da Kano, wadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarinta tun daga shekarun 1960. Abin da ya ja hankalinsa shi ne, duk da cunkoson jama'a, manoma ba su share bishiyoyi daga gonakinsu ba. Sun bar tsamiya da kuka da ɗorawa da gawo a tsakiyar gero da dawa, kowace da mai ita, domin kowace tana biyan kuɗin inuwarta. Tsamiya ta shiga rayuwarmu har ta ba unguwanni suna, kamar Tsamiyar Boka a Kano, ta kuma ba da sunanta ga zaren alharinin da ake ɗinka rigar tsamiya da shi. Tsoron da ake yi cewa iskoki suna zama a cikinta ma ya taimaka wajen kare ta daga gatari.

Yanzu gari yana cin gonakin nan fuloti bayan fuloti. Ranar da aka yanka gona, bishiya ce take fara faɗuwa, a sayar wa mai itace ko mai gawayi. Ba mamaki gawayin da aka gasa mana kifi da shi a daren nan daga irin wannan bishiya ya fito. Tsamiyar da aka shuka daga ƙwallo takan yi shekaru bakwai ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, saranta kuwa aikin yini ɗaya ne. Wa'azi kaɗai ba ya hana manomi sare bishiya. Abin da ke hana shi shi ne ya san 'ya'yanta na bana da na baɗi sun fi itacenta kuɗi. Santorini ma tana fama da masu gina otal da ke cinye gonakin inabi, kuma abin da ya fi taimaka wa gonakin da suka rage shi ne darajar da sunan tsibirin ya ba amfaninsu. Da gidajen abincin Kano za su riƙa sayen tsamiya da zoɓo kai tsaye daga ƙauyukan da ke kewaye, su rubuta a takardar abinci daga inda suka fito, su biya farashi mai kyau don mai kyau, da matan da ke ɓare tsamiya suna curawa sun sami kasuwa mai tabbas, da bishiyar kuma ta sami mai kare ta.

Wannan sauyi ba ya jiran gwamnati. Mai shago yana ajiye abin da ake tambaya ne. Mu da muke da albashin zuwa cin kifi a ƙarshen mako, mu ne muke koya masa abin da zai sa a firji. Da na koma wurin nan bayan mako biyu, na tafi da gorar ruwan tsamiya daga gida. Mai gashin ya ga ina zubawa, ya ce, "Alhaji, kunu ne da daren nan?" Na zuba masa a kofi, na ce ya ɗauki loma ɗaya ta tarwadar da ya gasa ya kora da shi. Ya tauna, ya kurɓa, ya yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ya ƙwalla wa yaronsa kira, ya tambaye shi nawa ake sayar da curin tsamiya a kasuwa yanzu.